Lambatun da Ya Hau Tudu

Unguwarmu a cikin kwari take, kamar an ajiye ta a tsakiyar akushi. Duk ruwan da ya sauka a garin, in ya gama yawonsa, wurinmu yake zuwa ya kwana. Abin da ya sa kakanninmu ba su taɓa tayar da hankali ba shi ne kududdufin da ke bayan gidanmu. Su suka haƙa shi, ba da niyyar tara ruwa ba. Ƙasar gini suke ɗiba, rami ya yi ta faɗi har ya zama abin da ya zama. Da damina ya shanye ruwan unguwa kaf, mata su yi wanki, a shayar da dabbobi, kwaɗi su yi ta shagalinsu. Da rani ya janye ya bar mana laka da gaiwa.

Lokacin da abin nan ya faru ina da mata da yara biyu ƙanana, da mahaifiyata da muke kira Inna, da 'yan jakuna. Mahaifina ya riga ya rasu, gidan yana hannuna. Da damina noma, da rani in loda itace in kai birni, in dawo da taki a mangala. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan waɗanda aka kai yaƙi sun dawo, sa'ad da gyaɗa ta yi daraja har mutum ya dubi tsakar gidansa ya fara lissafin kunyoyi nawa za ta ɗauka.

A shekarun nan ne kududdufinmu ya fara ramewa. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda gidansa ke jikin namu, shi ya fara lura cewa shara ba ta da wurin zama da ya wuce bakin ruwa. Ya zuba toka, ya zuba kashin awaki, ya zuba ɓaraguzan tsohuwar katanga. Da wurin ya daddale sai ya shuka kuɓewa, don dai kada ciyawa ta fito ta tara macizai. Shekara ta zagayo kuɓewa ta zama gyaɗa, aka kewaye da darni. Mai unguwa ya ga abin ya yi kyau, ya cike nasa gefen ya kafa turken doki. Wani attajiri mai sayen gyaɗa ya cike nasa ya yi rumfar awo. Ni kam ban ci ko taku ɗaya ba, ba kuwa don na fi kowa tsoron Allah ba. Gefenmu gangare ne mai zurfi, duk abin da na zuba sai ya tafi ƙasa ba sallama.

In an zauna hira a gindin tsamiyar ƙofar masallaci, dattawa su dubi kududdufin su girgiza kai.

"Allah mai iko," in ji Baffa. "Da muna yara ba ka hango wancan gefen. Dubi yadda ya koma."

"Zamani ne," in ji mai unguwa. "Komai albarkarsa raguwa take yi."

Kowa ya ce haka ne. Dokin mai unguwa yana tsaye yana cin harawa a daidai inda na koyi iyo.

Ruwa dai ba a sanar da shi an rage masa masauki ba. Ya zo yadda ya saba zuwa, ya tarar da ɗaki ya yi masa kaɗan, sai ya shiga na maƙwabta. Shekarar farko iyakarsa idon sawu a zaurenmu. Aka yi taro a gindin tsamiya, aka yanke cewa da rani duk namijin da ke unguwar zai fito da fartanya a yashe kududdufi. Aka yi fatiha. Da rani ya zo, masu zuwa cin rani suka tafi, masu ciwon baya suka kwanta, ni ma na bi jakunana. Shekara ta biyu ruwa ya kai ƙwauri, aka sake taro, aka sake yanke magana ɗaya, aka sake fatiha, wannan karon ma ta fi tsawo. Abin da kowa ya yi da gaske shi ne ya ɗaga dokin ƙofarsa, ya juya bakin rariyarsa ta kalli gidan na ƙasa da shi. Na ƙasan shi ma ya juya tasa. Haka ruwa ke bin gida gida, kowa yana miƙa wa ɗan'uwansa cikin zumunci, har ya iso gidan da ba shi da wanda zai miƙa wa. Gidan nan nawa ne.

Ana cikin haka zazzaɓi ya yi yawa a garin, duba-gari ya zo ya leƙa randuna da masai, ya tsaya ya daɗe yana kallon kududdufi. Bayan kaka sai ga Bature da kansa, da tafinta, da ɗan hakimi yana biye. Aka share hanya, aka yayyafa ruwa, mai unguwa ya naɗa rawanin sallarsa. Bature ya tambaya ta bakin tafinta, in kududdufin ya cika ina ruwan yake zuwa.

"Ranka ya daɗe, ai ba ya cika," in ji mai unguwa.

Yana faɗin haka ne a tsaye a jikin katangata, inda ruwa ya bar zanensa a miƙe, ƙasa baƙi sama ja, daidai gwiwar mai unguwa. Bature ya dubi zanen, ya dubi gwiwar. Ya hau dokinsa. Kafin wata ya mutu aka turo mana malamin awo.

Saurayi ne, ɗan siriri, da wando mai kari da wani abin hange mai ƙafa uku da yake sa ido a ciki. A zaurena aka sauke shi, don ni ne na fi kusa da ruwa kuma ba ni da girman da zan ƙi. Yaro ne mai ladabi, yana durƙusa wa Inna, ba ya raina tuwon dawa. Ya yi kwanaki yana auna ƙasa, sannan ya tara mu ya yi bayani da Hausar da ko jakina zai fahimta. Ya ce za a haƙa lambatu, wato doguwar hanyar ruwa, daga bakin kududdufi ta yamma, ta miƙe sak zuwa kwarin da ke gangarawa rafi. In kududdufi ya cika, rarar ta bi nan ta tafi. Ya kakkafa turaku a jere, kowanne da ɗan jan ƙyalle a ka. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, a bi turakun nan yadda suke, shi zai dawo kafin ruwan fari. Dattawa suka sa masa albarka, aka ba shi zabi biyu, ya tafi.

Sai bayan ya tafi aka lura da inda turakun suka bi. Sun ratsa gonar gyaɗar mai unguwa ta tsakiya. Sun gutsuri kusurwar gonar Baffa. Sun wuce ta bayan rumbunan attajiri.

Daga nan turaku suka fara tafiya da ƙafafunsu. Ba wanda ya taɓa ganin an cire ko ɗaya, sai dai in ka wuce da safe ka ga sun ɗan matsa. Mai unguwa ya tuna cewa kukar da ke gefen gonarsa tana da masu ita, kuma ba sa son ƙarar diga, in an taɓa su yara za su fara faɗuwa. Shekara da shekaru yana ɗaure jakinsa a jikin kukar nan, masu ita ba su taɓa kai ƙara ba. Baffa kuwa ya tuna akwai kabarin wani kakanmu a kusurwar gonarsa.

Na ce, "Baffa, wane kakan namu?"

"Ba ka san shi ba. Waliyyi ne. Bai son a riƙa ambatonsa."

Na tambayi Inna, wadda ta shigo gidan nan tun Baffa bai fara azumi ba. Ta ce abin da ta sani an binne a wurin shi ne wata akuya da ta ci rogo mai ɗaci. Amma ta ce kada in faɗa, girman Baffa ya fi na akuya.

Attajiri shi bai tuna da kowa ba. Goro kawai ya raba, turakun da ke bayan rumbunansa suka fahimta.

Da aka zo fara aiki, layin da malamin awo ya bari a miƙe ya koma kamar sawun maciji a rairayi. Ya fita yamma, ya ga gonar mai unguwa ya gaishe ta daga nesa, ya karkata arewa. Ya ga kabarin waliyyi ya cire takalmi ya zagaya. Ya ga rumbunan attajiri ya sunkuyar da kai ya juya gabas. Daga nan duk gonar da ya nufa sai a tarar mai ita surukin wani ne, ko yana da ɗa a gidan dagaci. A ƙarshe ya sami hanyar da ba ta da mai ita, wani tsohon burtali da ya haura zuwa unguwar maƙera, ya bi shi ya tsaya a bakin wani lungunsu inda ruwa ke taruwa. Aka ce daga can ai ruwan zai san yadda zai yi.

Aka yi shela, kowane gida namiji ɗaya. Wannan karon an fito, don aikin hukuma ne, akwai dogari a zaune a inuwa da bulala a cinya. Muka yi ta haƙa cikin zafin bazara, masu diga suna sara, mu muna kwasa da kwando. Makaɗi yana biye da mu da ganga. Gaskiya aiki ya yi kyau. Ban taɓa ganin mutanen unguwarmu sun yi abu da zuciya ɗaya kamar ramin nan ba. Zurfinsa ya kai ƙugu, gefensa a goge, har da 'yan itatuwa aka gitta don masu wucewa.

Abin da ya dame ni ɗaya ne. Kullum da safe in na tafi wurin aiki ina haki, in na taso da yamma a gajiye kuwa ƙafafuna da kansu suke kawo ni gida. Mai jaki ya san hawa, ya san gangara. Amma na ce wataƙila gajiya ce ke yi mini wasa da hankali.

Ran nan mai ɗakina ta biyo yara da suka kawo mini fura, don ƙaramin ya ƙi yarda ya tafi ba ita. Mun kai wajen burtali a lokacin. Na sha fura, ta zuba mini ruwa a buta na wanke hannu a cikin ramin. Sai ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta ƙara tsiyaya sauran ruwan butar. Ya taru, ya yi ɗan jim kamar mai tunani, sannan ya kama hanya a hankali ya nufi inda muka fito.

Ta ce, "Malam, wannan ramin fitar da ruwa zai yi ko kawo shi?"

"Fitarwa."

"To, wannan dai gida ya nufa. Ko in riga shi in buɗe masa ƙofa?"

Da yamma na sami Baffa a zaurensa yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaya masa abin da muka gani. Ya saurare ni har na gama, don Baffa mutum ne mai haƙuri da jahilci.

Ya ce, "Ruwan buta ka gwada?"

"Shi ne, Baffa."

"To ruwan buta da ruwan sama ɗaya ne? Ruwan buta ba shi da ƙarfi, ba shi da mai tura shi. Ruwan sama in ya taru, na baya yana tura na gaba, ko dutse ne sai ya hau. Kai da matarka kun fi mai unguwa sani? Kun fi liman? Kun fi Bature da ya ce a haƙa?"

Na ce Bature ai ba nan ya ce a haƙa ba. Baffa ya ce tun ina yaro yake ganin alamar taurin kai a tare da ni, daga wajen dangin uwata na ɗauko.

Aka gama aiki, aka yanka ɗan akuya, aka yi addu'a. Mai unguwa ya aika wa dagaci cewa an cika umarni, dagaci ya aika wa hakimi, labari ya hau sama, shi kam bai sha wahalar hawa ba. Sai ga malamin awo ya dawo a kan kekensa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya jingine keken, ya bi lambatun da ƙafa tun daga kududdufi har unguwar maƙera, mu muna biye kamar masu rakiyar gawa. Bai ko buɗe abin hangensa ba. Da ya kai ƙarshe ya cire hularsa ya share zufa.

"Ranka ya daɗe, wa ya matsar da turakun?"

"Yadda ka bar su haka muka bi, Malam," in ji mai unguwa. "Ko ba haka ba, jama'a?"

Jama'a suka ce haka ne. Yaron ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a taimaka a toshe bakin ramin ta wajen maƙera kafin ruwa ya sauka, shi zai je ya faɗa a sama. Mai unguwa ya ce aikin da aka riga aka gaya wa hakimi an gama, wane ne shi da zai toshe? Sai in daga sama aka ce. Yaron ya ce to zai nemo izini, amma irin wannan magana tana daɗewa a hanya. Da zai tafi ya shiga ya yi sallama da Inna, ya ja ni gefe a zaure.

Ya ce, "Maigida, in kana da inda za ka kai hatsinka, ka kai."

Washegari na fasa rumbuna. Na yi ta jigilar damman gero da dawa a kan jakuna zuwa gidan wan mai ɗakina, can kan tudu a hanyar Minjibir. Unguwa ta sami abin kallo. Masu zaman tsamiya suna tambayata ko ƙaura zan yi, ko na ji labarin yaƙi ne. Baffa ya aiko a kira ni, ya ce abin da nake yi mugun fata ne, kuma cin fuska ne ga dattawan da suka tsaya a rana aka yi aikin nan. Na ba shi haƙuri, na ce gara ce ta shiga rumbun. Ya ce in gara ce to ba laifi. Shi ya bar nasa hatsin inda yake, a rumbu biyu manya, a kan sabuwar ƙasar da ya ƙwato daga kududdufi.

Ruwan farkon damina bai yi ɓarna ba, ƙasa tana da ƙishirwa. Lambatu ya ɗan jiƙe, kududdufi ya ɗan taso da wuri fiye da yadda ya saba, dattawa suka ce alamar shekara mai albarka ce. Sai da marka ta kankama, ƙasa ta ƙoshi. Ranar kasuwar garinmu ce, bayan azahar, ina gida ina ɗinkin mangala. Sama ta yi baƙi, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Can sai na ji wani sauti da ban saba ji ba, ba na ruwan sama ba, wani gurnani daga gabas. Na yafa buhu na leƙa.

Lambatunmu ne ke aiki. Wallahi yana aiki. Ruwan unguwar maƙera gaba ɗaya, da na tudun da ke bayansu, da na burtali, ga shi nan tafe, ja wur, ɗauke da gawayi da karan dawa da wani kwandon kaji. Tun da aka halicci ruwa a garin nan bai taɓa samun hanya mai daɗi irin wannan ba. Ya zagaya rumbunan attajiri cikin ladabi, ya kewaye kabarin waliyyi, ya bar gonar mai unguwa a hannun dama, duk yadda muka koya masa, ya zo ya faɗa kududdufin da ko nasa ruwan ya gagare shi riƙewa.

Kafin in koma ciki ruwa ya riga ni. Mai ɗakina ta goya ƙaramin, ta ɗora babban a kafaɗa, ta ɗauki ƙullin kayan sawa a ka. Na ce ta bi ta ƙofar gaba ta nufi masallaci, shi ne a kan ɗan tudu. Na shiga ɗakin Inna na tarar da ita a zaune a kan gado, ta naɗe ƙafafu, ruwa yana wasa da tabarmarta.

"Inna, taso mu tafi."

"Ina? A ɗakin nan aka kawo ni, a nan na haife ka. Ruwa ya sha zuwa ya koma."

"Wannan ba namu ba ne, Inna, na maƙera ne. Bai san ki ba."

Ban jira amsarta ba, na juya na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya ba ni tsoro ke nan fiye da ruwan. Tana bayana tana faɗa, wai na bar mata tasoshinta, na bar kazarta mai kwanci. Muna fita zaure na ji katangar baya ta zauna. Ba ta faɗi da ƙara ba, zama ta yi a hankali kamar tsohuwar da ta gaji. Na kwance jakuna da hannu ɗaya, suka bi ni ruwa har ciki.

A masallaci muka tarar da rabin unguwa, da awaki, da tukwane. Daga nan muna kallo. Ɗakin Inna ya tafi, nawa ya bi shi. Rumfar awon attajiri ta tashi gaba ɗayanta ta yi 'yar tafiya kafin ta kife. Dokin mai unguwa ya tsinke igiya ya yi iyo, ashe shi ma a wurin zai koya. Rumbunan Baffa kuwa ƙasar da ke ƙarƙashinsu ce ta tuna asalinta, toka da kashin awaki, ta narke. Suka karkata suka jingina da juna, sannan suka durƙusa. Baffa yana tsaye kusa da ni, rigarsa ta manne a jiki, yana ta salati. Na cire buhun da na yafa na ɗora masa.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Kafin magariba ruwa ya tsagaita. Sai ga wasu dattawan maƙera sun gangaro, ƙafafunsu a bushe, sun zo jaje. Babbansu ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa ganin lungunsu ya bushe da wuri irin yau ba, Allah ya saka wa mutanen unguwarmu da alheri, sun ji an ce mu muka haƙa da hannunmu.

Taron da aka yi bayan kwana biyu ya fi kowanne armashi. Aka binciko masu laifi. Na farko malamin awo, yaro ne, bai san ƙasarmu ba. Na biyu abin hangensa, kayan Nasara ne, wa ya san abin da yake gani a ciki. Na uku ni, da na kwashe hatsi na jawo baki. Wani ma ya kawo maganar butar mai ɗakina, wai ita ta fara nuna wa ruwa hanya. Turaku kam ba wanda ya ambace su. Aka yanke cewa a toshe lambatu. Maƙera suka ce sam, aikin hukuma ne, duk wanda ya taɓa za su kai ƙara. Magana ta je gaban dagaci, ya ce ba shi da ikon toshe abin da aka ce a haƙa, a jira izini. Izinin ban san inda ya kwana ba. Malamin awo ma an ce an mayar da shi wata ƙasa, ban sake ganinsa ba.

Da mutanenmu suka ga haka, sai suka koma ga abin da suka iya. Ba wanda ya toshe lambatu. Shara kawai aka riƙa zubarwa, kuma aka yi dace duk unguwa ta ga babu wurin da ya fi dacewa da shara sai wani lanƙwasa da ke bayan gonar Baffa. Kafin damina ta fita wurin ya cike ya yi tauri, har kabewa ta fito.

Sauran daminar a gidan wan mai ɗakina muka ƙarasa ta, mu biyar a ɗaki ɗaya da rumfa. Inna ta kama tari tun daga ranar ruwan. Ta warke, amma ba ta koma yadda take ba, ta rage magana, kullum tana zaune tana fuskantar wajen kwari. Na nemi fili a nan kan tudu na ce a nan zan yi gini. Ta ce in yi, ita baƙuwa ce ko'ina yanzu. Ta shekara biyu a sabon ɗakin, ba ta taɓa kiransa ɗakinta ba, sai dai ta ce ɗakin nan.

Baffa da iyalinsa hatsina suka ci har kaka. Duk mako nakan ɗora dami a jaki in kai masa. Yakan zare zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu ya hura, ya ce geron bai yi ƙwari sosai ba, ina saurin girbi, mahaifina ma haka yake. Ya kuma ce in riƙa kula da gara.

Da rani kowa ya tashi gyaran abin da ya rushe, gini kuwa sai da ƙasa. Ƙasa mai kyau tana wuri ɗaya. Aka shiga kududdufi da diga da kwando, ba shela, ba dogari, ba makaɗi. Kowa yana haƙa ta gefen maƙwabcinsa, don nasa gefen ƙasar ba ta da danƙo. Gida wajen rabin unguwa aka tayar a ranin nan. Kafin a gama, inda gyaɗar Baffa take ya koma rami, turken doki ya koma rami, kududdufi ya yi faɗin da ni ma ban taɓa ganinsa da shi ba. Damina ta zo, ruwa ya sauka, ya sami masauki ya kwanta. Shekara ta biyo, haka. Ko zaure ɗaya bai jiƙe ba.

Labari ya bazu cewa unguwarmu ta yi maganin ambaliya. Ran nan ina sauke taki sai aka aiko mai unguwa yana kirana. Na tarar da baƙi, dattawa huɗu daga wani ƙauye da ke arewa da mu, su ma ruwa yana damunsu, sun zo a nuna musu dabara. An shimfiɗa musu tabarma a bakin lambatu, ta wajen da bai cike ba. Baffa ne ke bayani, da sanda a hannu, yana zana musu a ƙasa yadda ake lanƙwasa hanyar ruwa don a karya masa ƙarfi. Ya ce yaran zamani miƙewa suke so su yi da ita, amma ruwa sai da siyasa.

Mai unguwa ya nuna ni. "Ga wanda ya fi kowa shan wahalar ruwa a da. Gidansa ne na ƙarshe. Faɗa musu, tun shekarar da aka haƙa wannan, ruwa ya sake shiga gidanka na bakin kududdufi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko sau ɗaya."

Baƙi suka yi kabbara. Ɗayansu ya tashi ya auna faɗin ramin da taku, wani ya roƙi Baffa ya zo ya kwana biyu a wurinsu ya tsaya a kan aikin. Baffa ya ce shekaru sun ja, amma taimakon Musulmi wajibi ne. Ya nemi aron jakina mai laushin baya, na ba shi. Ya yi mako guda a can, ya dawo da rago da sabuwar hula.

Ƙauyen nan a kan hanyata yake in zan je sayen itace. Daga shekarar na canja hanya, nake bi ta gabas, ko da yake ta fi nisa.